Dan Allah masu gida a Ingila: sai an nemi izini kafin a sa get a ƙofar gida?

Baban Walid ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Ingila musamman masu gidan kansu ku taimaka min da shawara kafin na zuba kuɗina a inda zan zo ina cizon yatsa.

Wata bakwai kenan da muka tare a gidan da muka saya, irin gidajen nan ne da suke manne da na maƙwabci ta gefe ɗaya, a gaba akwai filin ajiye mota, sai wata 'yar gajeruwar katanga ta jan bulo da ko ƙuguna ba ta kai ba, wurin shigar motar kuma a wangale yake babu ko kyaure. Tun ranar da muka zo ganin gidan abin nan ya tsaya min a rai, mutum ya tashi a gida mai zaure da katanga, yanzu kuma duk wanda ya wuce a titi yana kallon har cikin falonka in ba ka ja labule ba, maman yara ko shara za ta fitar sai ta tsaya neman mayafi. Na dai haƙura na ce haka tsarin ƙasar yake.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne abin da ya faru ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ina sauke kayan cefane daga but, ƙofar falo a buɗe, Walid shekararsa 3, ƙwallonsa ta gangara sai kawai ya bi ta da gudu, wallahi sai a bakin titi na cafko shi ta bayan riga, kuma titin namu bas na bi ta wurin duk bayan 'yan mintuna. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Ga shi kuma watan jiya an sace motar wani maƙwabcinmu da daddare a ƙofar gidansa, gida uku ne tsakaninmu.

To shi ne na kira wani mai walda ya zo ya auna, ya ce zai yi min get mai ƙafa 6 irin mai rufe ruf ɗin nan da ba a hango ciki, a kuma ɗaga katangar ta yi daidai da shi, har da rimot in ina so. Na tambaye shi maganar izini ya ce babu ruwana da kansil, wato ƙaramar hukumar yankinmu, tunda bai kai mita 2 ba, yana so na ba shi rabin kuɗi ya fara yankan ƙarfe satin nan. Amma da na zagaya layin namu da yamma na lura ko gida ɗaya babu mai dogon get, duk gajeru ne ko kuma babu gaba ɗaya, sai jikina ya ba ni akwai wani abu a ƙasa. Shin gaskiya mai waldan ya faɗa? In kuma sai an nemi izini a ina ake nema, nawa ne, wata nawa yake ɗauka? Daga katangar zuwa bangon gidan wajen mita 6 ne, wurin shigar motar kuma faɗinsa mita 3. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bazazzagi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Walid. Da farko Allah ya ƙara tsare mana yaran nan, wanda duk yake da ƙaramin yaro ya san irin faɗuwar gaban da kake magana. Na biyu dan Allah kar ka ba mai waldan nan ko sisi tukunna, rabin dokar ya gaya maka ya bar rabin da ya shafe ka.

Ga yadda abin yake a Ingila. Akwai dokar 2015 da ta lissafa ƙananan ayyukan da mai gida zai iya yi ba tare da ya je neman izini ba, get da katanga da shinge suna ciki, amma da iyakar tsayi. Mita 2 ɗin da ya ce gaskiya ne amma na bayan gida ne da gefen da ke tsakaninka da maƙwabci. Duk abin da yake bakin hanyar da motoci ke bi, har da hanyar masu tafiya da ƙafa da ke gefenta, iyakarsa mita 1 ne kacal, wato ƙafa 3 da 'yan inci. Ƙafa 6 kuwa mita 1.8 ne da ɗoriya, ka ga ya kusa ninka abin da aka yarda. Kuma in sun zo awo daga ƙasa suke aunawa har ƙololuwa, filolin da ke riƙe da get ɗin da 'yan tsinin adon da ake sa wa a sama duk a ciki suke, na ga wanda get ɗinsa daidai ne amma filolin suka jawo masa magana. Wannan shi ne dalilin da ya sa ka ga duk layinku gajeru ne, idonka bai yi maka ƙarya ba.

Wasu za su ce maka ka ja get ɗin baya kaɗan ya daina zama "bakin hanya". Dokar ba ta faɗi adadin mitocin da za ka ja ba, jami'in kansil ne yake dubawa ya ga ko abin yana aikin iyaka tsakanin gidanka da titi, don haka ja da baya na taku ɗaya ko biyu ba lallai ya fitar da kai ba, kar ka dogara da shi sai an ba ka a rubuce.

Sannan ko mita 1 ɗin ma akwai abubuwan da suke soke shi, ka bincika su tun yanzu. In gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko kuma iyakarka ta haɗu da irin wannan gidan, babu abin da za ka kafa sai da izini. Akwai kuma unguwannin da kansil ta sa musu umarni na musamman da ake kira Atikul 4, ta janye wannan damar, yawanci a tsofaffin unguwannin da ake kiyaye kamanninsu ake samunsa, a irin waɗannan unguwannin ko rushe katangar bakin titi da ta wuce mita 1 za ka yi sai ka nemi izini. Sai kuma sababbin rukunin gidaje, da yawansu tun lokacin da aka ba kamfani izinin gina su aka sa sharaɗin cewa gaban gidaje zai zauna a buɗe babu katanga babu get. Na ƙarshe shi ne wanda mutanenmu suka fi mantawa, sharuɗɗan da ke cikin takardun gidan kansu, wannan ba ruwansa da kansil, ko sun ba ka izini in takardar gidan ta hana to ta hana. Ka duba fayil ɗin da lauyanka ya ba ka lokacin saye, ko ka shiga shafin Land Registry, hukumar rajistar filaye da gidaje, ka sauke rajistar gidan, fam 7 ne.

In ka ce lallai dogon kake so to sai ka cike takardar neman izini, ta shafin Planning Portal ake yi a tura wa kansil ɗinku. Wanda na taya wani ɗan uwa cikewa a farkon 2024 fam 258 muka biya ban da kuɗin hidimar shafin, an ƙara kuɗin bayan nan don haka ka duba na yanzu. Za su nemi taswirar wurin da aka zagaye gidanka da jan layi, da zanen yadda gaban gidan yake yanzu da yadda zai koma, da tsayi da faɗi da irin ƙarfe ko katakon da launinsa. Za su sanar da maƙwabta a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, hukunci kuma a ƙa'ida cikin sati 8 yake fitowa. In sun yarda kana da shekara 3 ka fara aikin, in sun ƙi kana da sati 12 ka ɗaukaka ƙara.

Abu biyu suke kallo. Na ɗaya kamannin layin, in duk gidajen gabansu a buɗe yake kai kaɗai za ka kawo baƙin ƙarfe mai ƙafa 6 a rufe ruf, gaskiya da wuya su yarda, mai sanduna da ake hango ciki ya fi samun shiga. Na biyu lafiyar hanya, kuma a nan ne nake jin matsalarka take tunda ka ce bas na bi. Masu kula da hanya sun fi son a ja get baya kamar mita 5 zuwa 6 daga bakin titi domin mota ta samu wurin tsayawa tana jiran a buɗe ba tare da ta tare hanya ba, kai kuma duka filin naka mita 6 ne, in ka ja baya ka shiga falo kenan. Suna kuma so direba in zai fito ya iya hango yaro ko mai keke da ke tahowa ta gefen katanga, doguwar katanga kuwa ita take rufe wannan, ka ga abin da ka gina don kare ɗanka zai iya zama hatsari ga ɗan wani.

Ƙari ɗaya, ko wane irin get ka sa kar ya buɗe ta waje, sashe na 153 na dokar hanyoyi ta 1980 ya hana ƙofa ko get ya buɗo kan hanya, sai dai ciki ko ya zuge gefe.

Maman Afnan ta rubuta:

Baban Walid dan Allah ka ji maganar Injiniya, mu abin ya faru da mu ne ba labari aka ba mu ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mu ma haka muka yi, shekara biyu da shigarmu gida maigidan ya ce ya gaji da zaman tsirara a titi, ni ma wallahi na fi shi so saboda ina da 'yan mata uku kuma ina son in fito tsakar gida na sha iska ba tare da na yi shiri kamar mai zuwa unguwa ba. Aka kawo mai aiki ya sa mana get na katako mai firam ɗin ƙarfe mita 1.8, ya yi kyau sosai har baƙi suna yabawa, shi ma mai aikin haka ya ce mana ba a buƙatar komai. Ba mu yi wata uku ba sai ga wasiƙa daga sashen da ke bin diddigin gine-gine na kansil, wai an kai musu ƙorafi, ba sa faɗin wanda ya kai. Bayan kamar sati biyu wata mata ta zo da tef ɗin awo da kamara, cikin mutunci ta gaishe ni, ta ɗora tef ɗin tun daga ƙasa har sama ina tsaye ina kallo, ta ɗauki hotuna ta tsallaka ɗaya gefen titin ta sake ɗauka, ta ce min zaɓi biyu ne, ko mu rage shi ya dawo mita 1 ko mu nemi izini na bayan aiki amma ba ta yi mana alƙawarin za a bayar ba.

Muka biya mai zane, muka biya kuɗin takarda, muka zauna jira wajen wata biyu kullum ina duba imel, ƙarshe aka ce an ƙi, dalilin da suka rubuta shi ne bai dace da kamannin layin ba kuma yana tare wa direba gani in zai fito. Maigidan ya so ya ɗaukaka ƙara amma wanda ya yi mana zanen ya ce gaskiya ba ya ganin nasara, kuma in aka kai ga ba mu notis na tilas muka ƙi bi to ya zama laifin da ake kai mutum kotu, mu kuma da muke zaune da takardun zama ba ma son ko ƙwayar magana ta haɗa mu da kotu. Haka muka kira mai aikin ya zo da injin yanka, ina tsaye a taga ina kallo ya raba get ɗin nan biyu, rabin saman yana nan a bayan gida har yanzu an jingine shi. Kuɗin sawa, kuɗin zane, kuɗin takarda, kuɗin yankewa, duk sun tafi. Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne, zaman da muka yi wata da watanni ina kallon maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina tunanin wa ya kai mu, mutanen da muke gaisawa lafiya lau har abincin sallah nake aika musu, sai da na yi ta istigfari kafin zargin nan ya fita daga zuciyata.

Abin da ya share min hawaye daga baya shuka ce. Wata tsohuwa a layinmu ita ta ce min me ya sa ba za ki dasa shinge ba, shi ba a neman masa izini tunda ba gini ba ne, sai dai in takardun gidanku ko sharaɗin unguwar sun hana. Muka dasa irin mai ganyen nan da ba ya zubewa da sanyi a bayan gajeruwar katangar, shekara uku yanzu ya wuce kafaɗata, mai wucewa ba ya ganin tagarmu kuma babu wanda ya taɓa cewa uffan. Sai dai ana aske shi kar ya leƙa kan hanyar mutane, mun kuma bar shi gajere ta wajen fitar mota, ta gefen maƙwabci ma ba ma bari ya wuce mita 2 saboda in ya tare masa haske yana da damar kai ƙara. Ka gaida Maman Walid, ka ce mata na san abin da take ji.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Ni dai gaskiya ina ganin ana tsorata bawan Allah nan da yawa. A unguwarmu gidaje nawa ne da dogon get kuma babu wanda ya nemi wani izini, kansil ɗin da ko ramin titi ba su gama cikewa ba ina suka ga lokacin zagayen auna get. Kuma ai an ce in abu ya shekara 4 a tsaye shikenan ya zauna babu mai taɓa shi. Rayuwar yaro ake magana fa, ni in ni ne sawa zan yi in sun zo a yi magana.

Injiniya Bazazzagi ya rubuta:

Ɗan Fagge na fahimce ka kuma gaskiya ne ba yawo suke suna neman get ba, yawanci sai an kai ƙorafi suke zuwa, amma ai ka ji yadda ta kaya da su Maman Afnan, mutum ɗaya ya isa. Maganar shekara 4 kuma ta tsufa, daga 25 ga Afrilu 2024 an mayar da shi shekara 10 a Ingila ga duk aikin da aka gama daga ranar zuwa sama, shekara 10 kana zaune kana fargabar wasiƙa ba ƙaramin abu ba ne. Waɗanda ka gani a unguwarku wataƙila tsofaffi ne da suka riga suka wuce wa'adin, wataƙila kuma sun nemi izinin ba ka sani ba, kana iya shiga shafin kansil ɗinku ka sa sunan layin duk takardun da aka taɓa nema za su fito, Baban Walid kai ma ka yi hakan don ka ga abin da aka yarda da wanda aka ƙi a kusa da kai. Sannan ranar da za ka sayar da gidan lauyan mai saye sai ya tambayi takardar duk wani aiki da aka yi.

Ko a gida ma ai dokar tana nan, a Kano hukumar tsara birni ta KNUPDA na shafa jan fenti a katangar da ta ci hanya, bambancin dai a can katanga da get su ne farkon abin da ake ginawa ba mai ganin baƙonsu, nan kuma gaban gida a buɗe suka saba da shi. Kuma maganar rayuwar yaro da ka kawo ita ce ta sa nake cewa ya yi mita 1 ɗin yanzu yanzu, yaro ɗan shekara 3 tsayinsa bai fi mita 1 ba, get mai mita 1 da sakata ta waje inda hannunsa ba ya kaiwa zai tsare shi sarai, kuma wannan in babu ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa zai iya sawa satin nan ba sai ya jira kowa ba. Masu zaune a Scotland da Wales ku kuma ku duba naku daban, kowa da dokarsa.

Abu Hanif ya rubuta:

Salam. Ni aikin lantarki nake yi a nan, maganar rimot ɗin da aka ambata ce ta sa na ce bari na sa baki, don gaskiya ita ta fi tsorata ni a kan maganar tsayi.

Get mai inji ba get ba ne kawai, a dokar ƙasar nan na'ura ce, kuma ya kashe yara. A 2010 yara mata biyu suka rasu 'yan kwanaki tsakani, ɗaya 'yar shekara 6 a Manchester ɗaya 'yar shekara 5 a Bridgend, duk get mai zugewa ne ya matse su bai tsaya ba, bayan nan ne hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta fitar da gargaɗi aka kuma kafa ƙungiyar Gate Safe da take horar da masu sawa. Baban Walid kana da yaron da yake bin ƙwallo da gudu, ka yi tunanin kana cikin mota ka danna rimot daga nesa shi kuma yana laɓe a jikin fila ba ka gan shi ba. In har za ka sa inji to dole a samu sensa ta ciki da ta waje da za ta tsayar da shi in wani abu ya gifta, da robar nan mai ji da ake liƙawa a bakinsa wadda in ta taɓa mutum zai tsaya ya koma baya, a kuma gwada ƙarfin matsarsa da na'urar awo a gabanka a ba ka takarda, a nuna wa Maman Walid yadda ake sakinsa da hannu in wuta ta ɗauke. Mai waldan da bai san dokar mita 1 ba ni ban yarda ya san waɗannan ba, ka tambaye shi wace horarwa ya yi a kan get mai inji ka ji amsar da zai ba ka.

Ko na hannu ne ma ka lura da tazarar sandunan kar ta kai santimita 10 don kan yaro kar ya shige, kar a sa sandunan kwance da zai taka ya hau kamar tsani, wajen hinjin ma kar a bar ramin da zai datse yatsa. In mai taya ne a sa masa abin tsayarwa mai ƙarfi a ƙarshen layin dogonsa da abin riƙewa ta sama, da yawanmu mun san labarin get ɗin da ya zame daga kan layinsa ya faɗo wa yaro a gida Najeriya, nauyin ƙarfen nan ba wasa ba ne.

Maganar ɓarayin mota kuma kar ka ɗora wa get ita, masu satar motocin zamanin nan da na'ura suke zuwa su janyo siginar makullin daga cikin gida su tayar da motar ba tare da sun fasa komai ba. Ka sayi 'yar jakar nan mai toshe sigina ka riƙa sa makullan ciki har da na ajiya, ka nisanta su da ƙofa, ka sa makullin sitiyari, in kana da hali ka kafa turken ƙarfen nan da ake ɗagawa a kulle a bayan mota.

Baban Walid ya rubuta:

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri ya raya mana zuri'a. Maman Afnan na karanta wa maman yara abin da kika rubuta sai da ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce a gaishe ki sosai kuma tana son sunan shukar da kuka dasa.

Ga inda aka kwana. Na sauke rajistar gidan jiya da daddare na karanta ta tas ban ga wani sharaɗi a kan katanga ko get ba, na shiga taswirar kansil gidan ba ya cikin unguwannin da ake kiyayewa kuma ba na tarihi ba ne. Na duba takardun layinmu kamar yadda Injiniya ya ce na samu mutum ɗaya da ya nemi dogon get shekarun baya aka hana shi, dalilin kuwa kusan irin na su Maman Afnan, wannan kaɗai ya ishe ni. Na auna katangarmu da safe santimita 90 ce, don haka na yanke shawarar get na hannu mai sanduna daidai tsayinta, babu rimot, Abu Hanif maganarka ta shige ni. Mai waldan na kira shi na gaya masa abin da na gano ya ce shi dai haka ya saba yi wa mutane, na ce masa na gode na nemi wani.

Sabon da ya zo ya nuna min wani abu da ban yi tunaninsa ba, in aka yi mai kyaure biyu kowanne mita 1.5 ne kuma ciki za su buɗe, motata ta haura mita 4.5, filin mita 6, ka ga in na shiga ba zan iya rufewa ba sai na manna hancin motar da bango kuma ko hakan da ƙyar, don haka mai taya za a yi ya zuge ta bayan katangar tunda akwai wuri ta hagu. Sannan ya ba da shawarar a sa doguwar ƙofa a lungun da ke gefen gidan mai zuwa bayan gida, daidai layin bangon gaba, don yara su yi wasansu a baya a kulle maman su ma ta sake. Injiniya tambayata biyu, wannan ƙofar lungun tunda ta yi nisan mita 6 da titi zan iya kai ta mita 1.8? Sannan ina so na faɗaɗa wurin shigar motar nan gaba saboda maman yara na koyon tuƙi, shi ma akwai magana a kansa?

Injiniya Bazazzagi ya rubuta:

Madalla Baban Walid, ka yi abin da ya dace. Ƙofar lungun a yadda ka kwatanta ta, tana layi ɗaya da bangon gidan ga filin mota tsakaninta da titi, a ganina ta faɗa cikin na mita 2, sai dai in gidanka na kwana ne wani titin ya bi ta gefen, to nan lissafi ya canza. Ka ɗauki hoto ka zana tsayin a kai ka tura wa sashen tsara gari ta imel, in kana son abin da za ka ajiye a fayil wanda ba mai ja da shi akwai satifiket da suke bayarwa na shaidar cewa aikin da za ka yi halas ne ba ya buƙatar izini, rabin kuɗin neman izini ake biya.

Faɗaɗa mashiga kuma eh akwai magana, dakalin bakin titi da hanyar masu tafiya da ƙafa ba naka ba ne na hukuma ne, ba a hawa su da mota sai inda aka sauke dakalin, sashe na 184 na waccan dokar ta 1980 ne, sai ka nema a sashen hanyoyi su zo su duba su kuma ne za su yi aikin ko su ba ka jerin 'yan kwangilar da suka amince da su, kai za ka biya. Tunda bas na bin titin ka tambaye su ko yana cikin manyan hanyoyin da aka yi wa aji, irin su A da B da C, in yana ciki sai ka haɗa da izinin tsara gari kafin a taɓa dakalin. In kuma za ka ƙara daɓe gaban gidan, tun 2008 duk abin da ya wuce murabba'in mita 5 dole ya zama irin wanda ruwa ke ratsawa ta cikinsa ko a karkata ruwan ya gangara cikin shuka a filinka, in ba haka ba shi ma sai da izini. Kafin a zuba kankaren layin tayar get ɗin ka gaya wa mai aikin maganar faɗaɗawar tun yanzu, ya bar maka tsawon da zai isa, kar ka zo kana fasa abin da ka biya kuɗinsa bara.